Jarkar da Ta Riga Wasiƙa Isa Gumel

Al Qusais, Dubai
6 ga Oktoba

Yaya Mariya,

Assalamu alaikum. Yau shekara huɗu da wata biyu rabona da Gumel. Da safe na ƙirga ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa na metro, ba don ina so ba, zuciya ce ta ƙi yin shiru. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar ɗaki.

Ki karanta wa Inna wannan a hankali, ta wajen kunnen dama, tunda a waya ba abin da take ji sai ta yi ta ce mini "na'am, Allah ya yi albarka" ko da farashin tumatir nake ba ta labari.

Kin tuna na ce miki zan yi tafiyar kwana biyar, ku sa ni a addu'a, ban faɗi ko ina ba. Na ɓoye ne don na san Inna in ta ji an ce teku ba za ta sake cin abinci ba sai na dawo. To ga labarin.

Kin san aikina: in zauna a ofis a unguwar Port Saeed in riƙa sayar wa mutane tafiya zuwa wuraren da ban taɓa takawa ba. Shekara uku ina yabon wani tsibiri, Morishas, kamar a can aka yanke mini cibiya. Sai manaja ya ce 'yan kasuwarmu na nan sun fara tambayar yawon keke da hawan dutse da ake yi a can, don haka in je ni da Sulemana, ɗan zangon Kumasi da muke ofis ɗaya, mu gwada da jikinmu mu dawo mu yi wa mutane bayani da Hausa. Kamfanin da bai taɓa tambayata yaushe rabona da uwata ba, shi ne ya biya mini jirgi in je in kalli ruwa. Amma in faɗi gaskiya, sun ciyar da mu da kyau, ɗakin kwana kuma ni kaɗai a ciki, abin da na manta yadda yake.

Kekunan masu batir ne. Ki ɗauka keke ne kamar na marigayi Baba, sai dai akwai ɗan inji a jikinsa da ke tura ki in kin taka feda. Ɗan jagoranmu, Nawaz, Musulmi ne ɗan tsibirin, ya raba mana hular kwano ya nuna mana maɓalli. Ni kuwa na ce a raina, ni da na yi shekara shida ina tuƙa keken Baba cikin yashi zuwa makaranta, ba batirin da zai taimake ni. Na ƙi kunnawa. Muka bi ta gonakin rake, Yaya, rake iya ganinki, ba mai gadi, ba mai sayarwa a baro. Sai hanya ta fara hawa. Na taka, na taka, numfashina ya koma kamar na tsohon injin markaɗe. Ina cikin haka wata tsohuwar Baturiya, wallahi ta girmi Inna, ta wuce ni tana cin ayaba, har da ɗaga mini hannu. Sulemana ya waiwayo ya ce da bakinsa na Kumasi gauraye da Larabcin nan, "Massa, yalla, kunna abin nan, ba a ba da lambar yabo a sama." Na kunna. Sai na ji kamar wani ya dafa bayana yana tura ni a hankali. Shekara huɗu ke nan ban ji wani abu ya sauƙaƙa mini aiki ba sai keken nan.

Shi kuma Sulemana nasa girman kan daban. Ya ɗauke shi babur, ya sa a ƙarfi na ƙarshe tun daga ƙofa yana wuce kowa yana waƙa. Saura kaɗan mu kai batirinsa ya mutu, ya tura keke mai nauyin ɗan maraƙi har saman tudu. Ban yi masa dariya ba sai da na tabbatar yana kallona.

Daga nan muka ajiye kekuna muka shiga daji da ƙafa, awa biyu, ana riƙe saiwar itace ana sauka, birai suna kallonmu kamar mun zo neman aurensu. Tun kafin a ga ruwan ake jin ƙararsa. Da muka ɓullo, Yaya, ban san yadda zan faɗa miki ba. Ruwa ne fari fat yake zubowa daga dutse mai tsawon bene goma, ba famfo, ba inji, ba mai cewa a rufe kada ya ƙare. Feshinsa ya jiƙa mu tun daga nesa. Na yi alwala a wurin na yi azahar a kan dutse bayan Nawaz. Na tuna layin da muke bi a rijiyar bayan masallaci, sai na ji haushi, sai kuma na ji daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Kin san Inna da ruwa. Ita ce mai cewa kowane gari da ɗanɗanon ruwansa, kuma sau uku tana sa ki tambaye ni yadda na Dubai yake. Na nan ba shi da ɗanɗano, na teku ne aka cire masa gishiri. Don haka na sa Nawaz ya kai ni wani marmaro can sama inda mutanen wurin ke sha, na cika mata wata farar jarka da hannuna. Na ba Hajiya A'i, 'yar kasuwa mai sarin abaya a nan, ita tare da wasiƙar nan, jibi za ta tashi Kano. Inna ta kurɓa ta faɗa mini matsayinsa.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Ɗalhatu

*

Gumel
27 ga Oktoba

Ɗalha,

Wa alaikas salam, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya ƙalau. Ƙafar Inna da sauƙi sosai, kuma za ka ji dalili.

Kai amma ka iya ɓoye abu! Ashe tafiyar kwana biyar ɗin nan Umara ka je? Allah ya karɓa, ya maimaita mana. Hajiya A'i ta zo har gida da kanta ta miƙa wa Inna jarka, ta ce ka ce a kula kada ko ɗigo ya zube. Inna na ganin farar jarka daga ƙasar Larabawa ta fashe da kuka, ta ce, "Zamzam! Yaron nan ya je ɗakin Allah." Hajiya ta ce ita ma tun a Dubai ta gane, shi ya sa ta naɗe ta cikin sabon mayafi ba ta haɗa ta da takalma ba. Ta ce akwai wasiƙa amma ta cusa ta a wani katan na abaya da ya bi jirgin dakon kaya, sai ya iso. Ni kuwa da na tura maka saƙo a waya na ce saƙo ya iso Inna ta yi kukan murna, ka amsa da cewa da hannunka ka ɗebo, sai na nuna wa kowa.

Ranar Juma'a Inna ta sa na soya ƙosai, aka kira maƙwabta. Ta fito da ƙananan kofunan shayin da take ɓoyewa, ita da kanta take zubawa, rabin kofi rabin kofi. Malam Shu'aibu liman ya sha a tsaye yana fuskantar gabas, ya yi maka doguwar addu'a, washegari ya ce gwiwar da ta hana shi sujada da kyau ta saki. Matar Maharazu mai shago ta shafa wa cikinta. Inna ta shafa a ƙafa, ga shi yanzu har kasuwa take zuwa, ko da yake ina zargin zuwan na ba da labarinka ne.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Gwaggo Ummulkhair. Ka san ta haura tamanin, kuma ta daɗe da ɗinka likkafaninta ta ajiye a ƙasan akwati. Ba ta sha nata ba. Ta juye a 'yar kwalba ta ce da shi za ta yayyafa wa likkafanin, burinta ke nan tun da ta san ba za ta taka Makka ba. Ta ce in faɗa maka ka gama mata komai.

Sai dai Inna tana da ƙorafi ɗaya. Ta ce don me ba ka faɗa mata ba ta ba ka saƙon addu'o'i? Tana da jerin sunaye tun na kakanni. Na ce mata halinka ne, ba ka son a yi ta yayata ka. Ta ce haka Baba yake.

Yara sun fara ce maka Kawu Alhaji. Na ce musu Umara ba ta sa a zama Alhaji, suka ce su dai sun riga sun saba.

Saura kamar kofi uku a jarkar, Inna ta kulle a kwaba ta rataya makullin a wuya.

Yayarka,
Mariya

*

Al Qusais
7 ga Nuwamba

Yaya Mariya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya har zuwa jiya da la'asar da abokin cinikin Hajiya A'i ya miƙo mini wasiƙarki a ofis.

Yaya, ban je Umara ba. Ruwan nan ba Zamzam ba ne. Ruwan marmaro ne na wani tsibiri da kamfani ya tura ni yawon keke da hawan dutse, na ɗebo wa Inna don ta ɗanɗana. Duk bayanin yana cikin wasiƙar da ke kwance a katan ɗin abaya.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki ina ajiyewa. Wannan ba maganar waya ba ce, kada Inna ta ji rabi ta ce "na'am, Allah ya yi albarka". Wani ɗan Haɗeja zai tashi gobe, shi zai kawo miki wannan.

Na ba Sulemana labari, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Habibi, khalas, an gama, ka yi shiru mana. Gwiwar liman ta warke, ƙafar mama ta warke, wa aka cuta?" Ba zan ɓoye miki ba, na so in bi shawararsa. Shekara huɗu ban yi abin da ya sa Inna ta soya ƙosai ta kira mutane ba. Sau ɗaya tak ta yi alfahari da ni a gaban unguwa, shi ma a kan abin da ban yi ba. Abin da na yi na gaskiya shi ne wata tsohuwa ta wuce ni a keke tana cin ayaba.

Kuma ban ga laifin kowa ba. Na so in ɗora wa Hajiya A'i, amma matar nan ta ɗauki jarkar ruwa daga Dubai har Gumel ba ta karɓi ko sisi ba. Ni ne na je na sayi farar jarka, ni ne na ce kada ya zube, ni ne na ɓoye inda na je. Ko ni aka miƙa wa haka abin da zan ɗauka ke nan.

Da a kan gwiwar Malam Shu'aibu abin ya tsaya, wataƙila da na daure na yi shiru Allah ya yafe mini. Amma Gwaggo Ummulkhair fa? Ba zan iya bari baiwar Allah ta shiga kabari da ruwan da birai ke sha a gefensa tana zaton na Makka ne ba. Wannan ya fi ƙarfina.

Abin da nake tsoro shi ne fuskar Inna. Ita ta zuba da hannunta, ita za a kalla. Ki zaɓi lokacin da ta ci abinci ta huta, ki karanta mata wannan duka, kada ki rage. In ta ce ba ta son jin sunana na ɗan lokaci, ta yi daidai. In akwai yadda za a faɗa wa mutane a ce laifina ne ni kaɗai, a faɗa haka, don haka ɗin ne.

Ki rubuto da wuri, don Allah. Ba na iya sayar wa kowa komai a ofis, jiya wani Alhaji ya tambaye ni ruwan tsibirin yana da kyau, na ce masa ya yi hankali da shi.

Ƙaninki,
Ɗalhatu

*

Gumel
24 ga Nuwamba

Ɗalha,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Na ga kiranka har sau tara ban ɗauka ba, Inna ce ta hana. Ta ce yadda ka bar ta mako uku tana raba ruwan birai, kai ma a bar ka mako biyu ka ji yadda jira yake.

Na karanta mata bayan azahar kamar yadda ka ce. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta ce, "Ni fa tun kurɓar farko na ji bai yi nauyin Zamzam ba. Na sha na Hajiya Muhsinat shekarar da ta sauke farali, na san shi. Na ɗauka jarkar ce ta canza shi." Sannan ta ce in miƙo mata mayafi. Na ce ta bari ni in je in yi bayani, ta ce wanda ya zuba shi zai kwashe.

Gida bakwai muka shiga. A kowanne ita ke magana: "Ruwan da na ba ku ba na Makka ba ne, na wani dutse ne a tsakiyar teku. Yaron bai yi ƙarya ba, ni ce na yi gaggawa." Matar Maharazu ta ɗan ɓata rai, ba zan ɓoye maka ba, ta ce ai da an bincika. Malam Shu'aibu kuwa ya daɗe yana shafa gwiwa, ya ce shi dai ta saki, kuma ba zai mayar da sauƙin ba don an gano asalin ruwan. Ya ce Ubangijin rijiyar can shi ne Ubangijin dutsen nan, amma addu'ar karɓar Umara da ya yi maka tana nan a ajiye, ka je ka cike gurbinta.

Gidan Gwaggo Ummulkhair muka bari a ƙarshe, don Inna ta tsaya a ƙofar zaure sau biyu tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Ashe tuni ta yayyafa, ta shanya, ta ninke. Inna ta faɗa mata. Gwaggo ta kalle mu ta ce, "Wato likkafanina ya riga ni yawon duniya?" Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ku gaya wa ɗan banzan nan na gode. Dā na shirya tsaf, jira kawai nake. Yanzu kuwa ba inda za ni sai ya kawo na gaskiya. Ya ƙara mini kwana." Inna ta riƙe hannunta, su biyu suna dariya suna share hawaye, ni na rasa wanne zan yi.

Shekaranjiya kuma katan ɗin abaya ya iso, ga wasiƙarka ta farko tana ƙamshin sabon yadi. Inna ta sake sa ni soya ƙosai, aka sake kiran mutanen nan dai, na karanta a tsakar gida. Wurin tsohuwa mai ayaba sai da na maimaita sau uku. Malam Shu'aibu yana tambaya ko keken nan zai iya yashin hanyar gonarsa, kuma in batirin ya mutu ana iya cajinsa a shagon Maharazu. Sunanka ya tashi daga Kawu Alhaji ya koma Alhajin Tsibiri, wannan kam ba na jin zai goge.

Ga saƙon Inna, da bakinta, ta ce kada in gyara:

"Ruwan yana da daɗi. Ya fi na rijiyar bayan masallaci sanyi, bai kai na garin da aka haife ni zaƙi ba. Na ba shi na biyu. Ban ji kunya ba, ɗan da ya aiko a ƙwace masa yabo don kada tsohuwa ta ruɗu ba abin kunya ba ne. Amma ƙafar da ta yi awa biyu a daji don ta ɗebo mini ruwa, ta iya hawa matakalar jirgin Kano. In don ba shi da abin rabawa ne yake ɓuya, ya sani mutanen unguwar nan rabin kofin ruwa ma ya ishe su. Sauran kofi ukun ba mai sha sai ya zo mun sha tare."

Ka ji. Ni ban ƙara ko kalma ba.

Yayarka,
Mariya

*

Al Qusais
5 ga Disamba

Yaya Mariya,

Wasiƙarki ta iso, ina lafiya, yau kam da gaske.

Ki ce wa Inna ta gano ni. Ba kamfani kaɗai ya hana ni zuwa ba. Duk shekara sai in ce bari in ƙara ɗaya in zo da abin da za a gani, shekarar ta wuce ban ga komai ba balle wani ya gani.

Jiya na shiga wurin manaja na nemi hutu. Ya fara cewa lokacin ciniki ne, ga Alhazai goma sha ɗaya sun yi rajistar yawon keke saboda bayanina. Na ce Sulemana zai kai su, ya san abin da ke kashe batir fiye da kowa. Ya yi dariya ya sa hannu. Mutumin ba mugu ba ne, ni ne ban taɓa tambaya ba.

Zan fara biyawa ta Jidda in yi kwana uku in yi Umara, don Malam Shu'aibu ya huta da ajiyar addu'a, Gwaggo kuma ta samu nata. Amma ki ce mata ba sharaɗi ba ne, in na kawo kada ta yi gaggawa. Inna ta shirya jerin sunayenta ki turo mini. Zan sauka Kano ranar ashirin ga wata in sha Allah.

Ga abin da na iya tarawa a shekara huɗu, kada a sa rai da ƙari: hutun da ban ci ba, kwana arba'in da uku. Akwati ɗaya. Dabino katan biyu, turare kwalba huɗu, darduma ɗaya ta Inna.

Ƙaninki,
Ɗalhatu